Baƙuwa Mai Tsirkiya Uku

Cikin kayan gwanjo na same ta,
Tsohuwar Kasuwa, ranar Talata.
Mai rumfar bai san sunanta ba,
ya ce, "Kawo dubu huɗu ka yi tafiya."

Doguwa ce, da ƙugu irin na kalangu,
ramuka huɗu a ƙirji masu siffar zuciya,
ƙarafa a gicciye kamar matakan tsani,
wani kusa, wani nesa, ba su jeru ɗaya ba.
Na rataya ta kamar garaya, ta zame.
Na rungume ta kamar molo, ta yi gum.
Tumba 'yata har ƙasa don dariya.

Aka ce in nemi Labbo a Kwalkwalawa,
tsohon mai molo da ya koma saƙar koma.
Na tarar da shi a bakin Rima,
ƙafa cikin laka, zare a yatsa.
Ya juya ta, ya shinshina itacen,
ya ce, "Wagga ba a rungumar ta.
Aza ta bisa cinya awa faifai,
baƙo da yanayin zamanai shika zakkuwa,
kak ka koya mai, kai ka biya."

Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa,
na dama ma yana kan hanya.
Sai ya kafa haɓa a kan itacen,
ya ɗana, ya lumshe ido,
yana jin amon ta cikin muƙamuƙi.
"Mai kaurin ita a uwa," in ji shi,
"murɗa kunnenta har ta yi muryar saniya.
Ta tsakiya ta hau bisa da taki biyar.
Siririyar ta hwaɗi abin da uwa tac ce,
amma da bakin ɗiya."

Na murɗa, na murɗa, na ƙara kaɗan.
Tas! Ta tsinke ta tsarge mini yatsa.
Labbo bai ko ɗaga kai ba.
"Gaggawa," ya ce, "ita ka cin tsirkiya."
Muka warware wayar birkin keke,
muka zare sili ɗaya mai santsi,
ƙarfen Kara ya auri itacen wata duniya.

Ya fiƙe mini gashin dinya don kaɗawa,
ya yanko karan geza tsawon ɗan'ali.
"Hannun dama shi yi ta shara,
gaba da baya, awa tsintsiya.
Karan ga shi zame bisa siririya kaɗai.
Biyun can bar su, ba su zuwa ko'ina."

Wata uku ina shara.
Maƙwabta suka ce na sayo sauro.
Karan yana tuntuɓe kan ƙarafa,
ƙafata na gudu, hannuna na rarrafe,
in na kama sama, ƙasa ta kuɓuce.
Ran nan da la'asar, ban ma shirya ba,
siririyar ta taka, ta hau, ta sauko,
biyun na ƙasa suna gunji ba sa motsi,
kamar mata biyu a bakin rijiya
suna kallon yaro yana koyon tafiya.

Ɗauri na biyu ya koya mini da kaka.
"Sassauta siririya taki guda."
Na sassauta. Gidan ya yi sanyi.
Hanya ɗaya, yatsa ɗaya, kara ɗaya,
amma sautin ya zama na wanda ya yi rakiya
ya dawo shi kaɗai daga tasha.
Na ce, "Baba, wannan fa?"
Ya ce, "Aje shi. Kana buƙata tai wata rana."
Ya koma kan komarsa, ya ba ni baya.

Damina na sa ta saki jiki,
zafin bazara na sa ta ɗaure fuska,
kullum da safe sai mun sake sasantawa.
Har yau ban san sunan da uwayenta suka raɗa ba.
Tumba na kiran ta Baƙuwa,
jiya na dawo daga shago da wuri,
na ji gunji daga cikin ɗaki,
na leƙa: yarinyar ta kafa haɓa kan itace,
kunnuwanta biyu lafiya lau,
tana murɗa mai kaurin a hankali,
tana neman muryar saniya.